Kafin Ka Ɗaga Wa Karenka Hannu

Ɗana, zo ka zauna mu yi maganar karen nan naka, domin na san abin ya fara damunka. Ka dawo daga wurin nema a gajiye, kana tura ƙofa ya taso da gudu, ya ɗora maka ƙafafuwa a ƙirji, kafin ka yi wani yunƙuri harshensa ya riga ya bi ta haɓarka da kuncinka. Da yana ɗan kwikwiyo abin dariya ne, har kiran mutanen gida kake yi su zo su gani. Yanzu ya girma ya yi nauyi, ba ka isa ka durƙusa ɗaura igiyar takalmi ba sai ka ji danshi a kunne, baƙo ya shigo da farar riga ya fita da sawun ƙafa a ƙirji, uwargida ta fara zancen a kyautar da shi a huta, kai kuma ga ka a tsakiya, ba ka son rabuwa da shi, ba ka kuma son abin da yake yi. Ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci. Abin da nake roƙonka guda ne: kafin ka ɗaga masa hannu, ka tsaya ka gane abin da yake nufi da lasar nan, domin dalilanta suna da yawa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Kwikwiyo yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, sai ya yi kwana 10 zuwa 14 kafin ya buɗe ido. A wannan duhun abin da ya sani shi ne harshen uwarsa. Da shi take share shi, kai ko fitsari da kashi ba ya iya yi a makonnin farko sai ta lashi ƙasan cikinsa. Idan lokacin yaye ya matso sai a juya, shi ne zai fara lasarta. A wurin danginsa na daji, irin su kyarkeci, idan manya suka dawo daga farauta 'ya'yan sukan rufe su suna lasar gefen bakinsu, babba ya amayo musu naman da ya haɗiya su ci, kuma har yau akwai karyar gida da take yi wa 'ya'yanta haka. Da kare ya girma roƙon abincin ya wuce, amma gaisuwar tana nan: za ka ga ƙaramin kare ya ƙasƙantar da kai, ya kwantar da kunnuwa, yana kaɗa wutsiya ƙasa-ƙasa, yana lasar bakin wanda ya fi shi. To ka ga, sa'ad da karenka yake neman bakinka da haɓarka, gaisuwar ƙarami ga babba yake yi maka da harshen da ya gada. Na faɗi wannan ne saboda na sha jin ana cewa raini ne, wai ya ga gadon barcin maigida ne. Wanda ya ɗauki gaisuwa a matsayin raini zai rama da duka, kuma daga nan ake fara ɓata kare.

Akwai kuma dalili mai sauƙi wanda bai kamata a yi masa dogon tafsiri ba. Fuskarka tana da ɗanɗano. Gumi yana da gishiri, gemunka ya riƙe maiƙon miyar rana, ƙamshin tsiren da ka tsaya ka ci a hanya yana nan a leɓenka ko ka goge. Kare da hanci da harshe yake karanta inda ka je da abin da ka taɓa.

Amma abin da ya mai da gaisuwar ɗan lokaci ta zama ɗabi'ar da ba ta jin bari, yawanci daga wajenmu yake, kuma ina faɗa maka ne ba don in ɗora maka laifi ba, sai don a nan ne gyaran yake. Kare yana maimaita duk abin da ya taɓa jawo masa riba, kuma babu ribar da ta kai masa hankalin ubangidansa. Ka tuna ranar farko: ya lashe ka, ka yi dariya, ka shafa kansa, ka kira sunansa. Ya riƙe. Daga baya da ka gaji ka koma "kai, bari!" kana ture shi da hannu biyu, kana zaton ka hore shi, alhali shi a wurinsa ka dube shi, ka yi masa magana, ka taɓa shi, har ka ƙara masa da kokawa. Karen da ya wuni shi kaɗai a tsakar gida babu wanda ya ce masa kanzil, tsawar ma daɗinta yake ji. Abin da ya fi ƙara dagula lamarin shi ne rashin tsayawa a kan magana ɗaya. Yau kana cikin farin ciki ka bar shi ya lasa, gobe ka sa kayan Juma'a ka hana, jibi yara su miƙa masa fuska a bayan idonka. Abin da ake samu wani lokaci a rasa wani lokaci shi ya fi sa naci, domin kullum yana sa ran wannan karon za a dace. Saboda haka idan ka ga ya nace, ka sani darasin da gidan ya ba shi ne ya haddace da kyau.

Kada ka doke shi, ɗana. Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka shafa barkono a fuska ko ka murɗe masa baki ka saurare shi. Dubi yadda abin yake tafiya: lasa ita ce hanyar da kare yake ba da haƙuri idan ya tsorata. Ka mare shi, ya tsorata, ya ƙara lasa don ya huce maka, kai kuma ka ga taurin kai ka ƙara masa wani marin. Ana cikin haka zai koyi cewa hannun da ya nufo fuskarsa ciwo yake kawowa. Kai yana jin tsoronka, zai haɗiye. Amma ran da ɗan maƙwabci mai shekara 4 ya miƙo hannu zai shafa shi, abin da ya haɗiye a kan yaron zai fito, kuma a ranar kowa zai ce mugun kare ne, babu wanda zai tuna wanda ya koya masa tsoron hannu. Dabbar da ka kawo gidanka da kanka, ka ɗaure ta, cinta da shanta suka koma hannunka, amana ce. Mun taso muna jin labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma ban ga yadda za a ji wannan a masallaci a dawo gida a huce gajiyar kasuwa a kan haƙarƙarin kare ba. 'Ya'yanka ma suna kallo, kuma yadda ka bi da wanda ba shi da bakin kai ƙara suna ajiye shi a ransu.

Ga abin da za ka yi, kuma ba ya bukatar ko sisin kwabo, haƙuri kawai yake ci. Idan ka shigo ya taso, kada ka dube shi, kada ka ce masa komai, ka naɗe hannuwanka a ƙirji ka juya masa baya. Zai zagayo, ka sake juyawa. Zai yi tsalle, ya yi ƙugi, ya ja maka gefen riga, ka daure. Da zarar ƙafafuwansa huɗu sun taka ƙasa ya tsaya yana kallonka cikin mamaki, a wannan daƙiƙar, ba bayan ka cire takalmi ka sha ruwa ba, ka sunkuya kaɗan ka shafa ƙirjinsa, ka kira sunansa da murya a kwance. Idan harshe ya sake nufo fuska, ka miƙe tsaye shiru, in ya cancanta ka shige ɗaki ka ja ƙofa na rabin minti, ka fito ku sake. Abin da kake gaya masa a aikace shi ne lasa tana kore ka, natsuwa tana kawo ka.

Sai dai hani kaɗai ba ya isa, dole ka ba shi abin da zai yi a madadin wanda ka hana. Koya masa zama. Ka riƙe ɗan guntun busasshen kifi ko nama a tsakanin yatsunka, ka kai daidai hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa saman kansa ta baya. Idonsa zai bi hannun, kansa ya ɗago, ɗuwawunsa ya sauka ƙasa da kansa ba tare da ka danna shi ba. Yana zama ka ce "zauna," ka sakar masa a take. Minti 5 da safe, minti 5 da yamma ya wadatar, kuma ku tashi tun yana marmari. In ya iya, sai zaman ya zama sabuwar gaisuwarsa: ka shigo, ya zauna, ka gaishe shi. Wanda zumuɗinsa ya yi yawa ka ajiye masa ƙwallon roba ko guntun igiya mai kauri a bakin ƙofa, ka miƙa masa kana shigowa, domin bakin da yake riƙe da abu ba ya lasa. Idan baƙo zai shigo ka sa masa igiya a wuya tun kafin a yi sallama ta biyu, kada ka jira sai ya ɗare kan mutum sannan ka fara ba da haƙuri.

Zan gaya maka wani abu tun yanzu don kada ya ba ka mamaki: a kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi. Hanyar da ta saba ɓullewa ta toshe, zai ƙara ƙarfi ya ga ko za ta buɗe. A nan ne mafi yawan mutane suke sarewa su ce dabarar ba ta aiki, alhali alamar ta fara kamawa ke nan. In ka sassauta a wannan gaɓar ka koya masa cewa idan lasa biyu ba ta yi ba, goma za ta yi. Kuma ka tara mutanen gida, har da mai gadi da yaron da ke zuba masa abinci, ku yi magana ɗaya, domin mutum guda da yake miƙa masa kunci a ɓoye ya isa ya warware aikin kowa. Ɗabi'ar da aka yi shekara ana ginawa za ta ɗauki makonni kafin ta kwanta, kada ka ƙosa.

Sannan ka tambayi kanka yadda karen nan yake wuni. 'Yan farauta da karnukansu suke keta daji tun safe ban cika jin suna wannan kukan ba, karen ya dawo a gajiye, inuwa kawai yake nema. Masu kukan su ne mu na cikin gari da muka sayo karnukan waje muka tsare a keji. Wanda ake kira Alsatian ɗin nan a Jamus aka fitar da irinsa, aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma don kiwon tumaki aka yi shi, ya wuni yana zagaye garke. Ka ɗauki irin wannan ka ɗaure da sarƙa mai taku uku daga asuba zuwa dare, ina kake so ya kai ƙarfin da Allah ya zuba masa? A fuskarka zai sauke. Ka fita da shi da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ka bar shi ya shinshina hanya yadda yake so, ka guji tsakar rana domin kare da haki yake fitar da zafi kuma kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa. Lasa kanta tana kwantar masa da hankali, don haka ka ba shi inda zai yi ta babu laifi: ka shafe cikin tasarsa da ɗan jiƙaƙƙen abincinsa ya yi ta bi da harshe. Ka dai kiyaye miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini, da dafaffen ƙashi mai tsagewa ya soke hanji.

Akwai kuma lasar da ba ta tarbiyya ba ce, ta ciwo ce, kuma wannan ba a yi mata horo. Idan karen da bai saba ba ya tsiri lasa rana tsaka, yana lasarka, yana lasar siminti da bango da iska, yana yawan haɗiyar yawu, yana cin ciyawa, ko ya rage cin abinci, to ka yi zaton tashin zuciya ko ciwon ciki. A 2012 likitocin dabbobi a Jami'ar Montreal ta Kanada sun binciki karnuka 19 masu yawan lasar ƙasa da kayan ɗaki, suka tarar 14 daga cikinsu suna da matsala a ciki ko hanji, kuma da aka yi musu magani da yawansu suka rage ko suka daina. Ka ɗaga leɓensa ka duba: dasashi ja, haƙori karyayye, wari mai tsanani, ko guntun ƙashi da ya maƙale a ganɗa duk suna sa haka. Tsohon kare ma yakan ruɗe ya riƙa maimaita abu ɗaya. Irin wannan asibitin dabbobi za ka kai shi, na gwamnatin jiha ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya in kana kusa. Kada ka ɓallo masa maganin ciwon jiki daga naka, domin ƙwayar da take sauƙaƙa maka tana iya huda masa ciki ko ta kashe masa ƙoda.

Yanzu ka ba ni hankalinka sosai, domin na zo kan yara. Ba duk lasa ce gaisuwa ba, akwai wadda ma'anarta "don Allah matsa." Yarinya ta rarrafo ta rungume wuyan kare yana kwance, fuskarta a jikin tasa. Sai ka ga ya sandare, ya kau da kai gefe har farin idonsa ya fito, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya lashi hancinsa, sannan ya juyo ya lashi fuskar yarinyar da sauri da ƙarfi, sau biyu sau uku, kamar mai ture ta. Manya suna zaune suna cewa "dubi yadda yake son ta." A gaskiya roƙo yake yi a ɗauke masa ita, kuma ya yi shi da ladabi iyakar iyawarsa. In ba a ji ba sai gurnani, in aka doke shi saboda gurnanin sai ya daina gargaɗi, abin da ya rage sai haƙori, kuma tsayin ƙaramin yaro daidai bakin kare yake, shi ya sa cizon yara ya fi yawa a fuska da wuya. Bambancin ba ya da wuyar gani: mai gaisuwa shi yake zuwa, jikinsa a sake, mai neman sarari kuwa an same shi ne a inda yake, jikinsa a ɗaure. Kada ka bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabonsu, kuma ka koya wa yara kada su je masa yana ci ko yana barci.

Wasu za su ce maka yawun kare magani ne, ai da shi yake warkar da gyambonsa. Kada ka ɗauka. Bakin da ya lashi ƙarƙashin wutsiyarsa, ya tona bola, ya ɗauko mushen ɓera, shi ne yake nufo leɓenka. Ta nan ƙwan tsutsar ciki yake iya shiga bakin yaro, shi ya sa ake ba kare maganin tsutsa duk wata 3. A cikin yawunsa kuma akwai ƙwayoyin cuta da ba sa damunsa amma suna iya damun mutum. A 2018 an yanke wa wani mutum hannuwa da ƙafafuwa a jihar Wisconsin ta Amurka bayan irin wannan ƙwayar ta shiga jininsa, kuma likitoci sun danganta abin da lasar kare. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, ban faɗa don in firgita ka ba, lasa a kan lafiyayyar fata wankewa da sabulu ya ishe ta. Waɗanda za a tsare sosai su ne jarirai, da tsofaffi, da mai ciwon suga, da wanda aka cire wa saifa, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Cutarwar ma takan bi ta ɗaya ɓangaren: man zafi da ka shafa a wuya, da mayukan canza launin fata, da magungunan shafawa na asibiti, duk cikinsa suke tafiya in ya lasa. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wasu karnuka sun mutu saboda wani man maganin dajin fata na masu gidansu. Ta fuskar ibada kuwa, malaman Malikiyya da yawancinmu muke bi ba su ɗauki yawun kare mai rai najasa ba, Shafi'iyya sun tsananta, sai ka koma wa malaminka ya warware maka. Amma ko a inda aka sassauta, tsabta ba ta faɗi ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. A ƙasashenmu ciwon haukan kare yana nan da ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mutane sun san cizo, abin da ba su sani ba shi ne a yawu cutar take, kuma idan yawun ya taɓa ido, ko cikin hanci, ko baki, ko wurin da fata ta fashe, ko da ƙurji ne ko yankan aski, hukumar ta sa shi a aji ɗaya da cizo mai zurfi. Ka ga fuska ta tara duk waɗannan ƙofofin. Kuma kare a farkon kamuwa ba lallai ya fara da faɗa ba, wani sai ya yi laushi fiye da yadda aka san shi, ya riƙa manne wa mutane yana lasa. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 a jiki shiru, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, amma da alamu sun bayyana kusan babu mai tashi.

Don haka ka yi wa karenka allurar rigakafi tun yana wata 3, ka riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana katin inda ba zai ɓata ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar a nan gida, kuma duk ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar a duniya, sau da yawa akan yi wa karnuka kyauta, ka sa kunne. Idan kuwa wani kare da ba ka san tarihinsa ba, ko naka da halinsa ya canza, ya lashi yaro a ido ko a baki ko a kan rauni, kada ka tsaya neman gashin karen ko wani jiƙo. Ka wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ido da baki kuma a ɗauraye su da ruwa mai yawa, ka kai yaron asibiti a ranar a fara masa allura, kada ka jira ka ga abin da zai faru. Karen kuma a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sanar da likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10.